Tun da aka kashe babansa ya canza, yanzu Baffansa na so a kai shi gidan mari

Wannan saƙon ya shigo min daren Laraba, na rage masa tsawo kaɗan na kuma cire sunaye kamar yadda ta roƙa.

"Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki ɓoye sunana. Shekara 2 kenan da 'yan bindiga suka shigo ƙauyenmu ta wajen Birnin Gwari cikin dare suka kashe maigidana a tsakar gida, ni ranar ina wajen ƙanwata da ta haihu. Babban ɗana lokacin shekararsa 12, shi ya ja ƙanwarsa suka shige rumbu ya toshe mata baki har gari ya waye. Yanzu muna Kaduna gidan yayan mijina. Anti yaron nan da shi ake kwatance a garinmu wajen ladabi, amma yanzu ya koma wani iri, faɗa a makaranta, dukan ƙanne, baya barci sai wajen asuba, ya dawo fitsarin kwance da shekara 14, in yaji ƙarar babura da yawa jikinsa ya hau rawa. Ya fara ɗaukar min kuɗi, ya fara bin wasu manyan yara na unguwa. Rannan ina masa faɗa yace min da shi namiji ne da ya fito an kashe su tare. Ƙanwar kuma shekararta 7, ta daina magana da mutane, ko bayi zan shiga tana riƙe da zanina. An yi ruƙiyya an sha rubutu. Baffansu ya zane shi har ya gaji, yanzu yace bayan sallah zai kai shi gidan mari. Wata maƙwabciya tace in kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa, ni kuma tsoro nake a ce ɗana mahaukaci ne ko a ɗora shi kan ƙwaya. Ya zan yi?"

Wa alaikumussalam ƙanwata. Allah ya jiƙan maigidanki ya karɓi shahadarsa, ke kuma Allah ya baki ladan haƙuri da riƙon marayun nan. Wallahi na karanta saƙonki sau uku, kuma duk lokacin da nazo wajen rumbun nan sai na tsaya, yaro ɗan shekara 12 cikin duhu da hannunsa a bakin ƙanwarsa yana jin abin da ake wa ubansa, dare guda cur. Kafin komai ina so ki san yaron nan ya ceci ran ƙanwarsa da nasa a daren nan, kuma daga yadda kika bada labarin ina zargin har yau babu wanda ya zaunar da shi ya faɗa masa haka.

Bari in fara da abin da yafi gaggawa. Maganar da yace miki, da ya fito an kashe su tare, kar ki ɗauke ta maganar fushi kawai. Ki samu lokacin da ku biyu ne, babu faɗa babu ɗaga murya, ki tambaye shi kai tsaye: ɗana, kana tunanin mutuwa? Ka taɓa tunanin yi wa kanka wani abu? Nasan bakinki zai yi nauyi, mu iyaye muna jin kamar in mun furta mun saka masa abin a rai, amma likitoci sun daɗe da tabbatar da cewa tambayar bata saka wa yaro tunanin da bashi da shi, wanda kuma yake da shi sauƙi yake ji an tambaye shi. In yace eh, ko ya sunkuyar da kai ya ƙi amsawa, toh ba maganar bayan sallah bace, gobe da safe ne asibiti. Kuma daga yau fiya-fiya, maganin ɓera, magungunan da ke kan madubi, duk ki kulle su inda hannunsa ba zai kai ba.

Toh sai maganar gidan mari. Ƙanwata kar ki yarda. Ban faɗi haka dan raina Baffansu ba, mutumin da ya ɗauki matar ƙaninsa da 'ya'yanta ya ajiye a gidansa a wannan tsadar rayuwa ya cancanci a gode masa, kuma nasan tsoro ne ke cinsa kar ɗan ƙaninsa ya lalace a hannunsa mutane su zage shi. Amma ku da kuke Kaduna ai kun fi kowa sanin abin da ya faru a Rigasa a watan Satumban 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida, da yawansu yara, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a gadon baya, bayan nan aka samu irinsa a Daura da wasu garuruwa. Su ma iyayen waɗancan yaran da niyyar gyara suka kai su. Ki duba abin da ya raunata ɗanki: an rutsa shi a wuri mai duhu, ba halin gudu, ba halin ihu, manya masu ƙarfi suna abin da suka ga dama. Yanzu a ɗauke shi a kulle a ɗaki a saka masa mari a ƙafa, wannan ai maida shi cikin rumbun ne. Zai iya dawowa shiru kowa yace ya shiryu, amma shirun wanda ya fidda rai ne, kuma wasu irinsu sukan faɗa shaye-shaye da zarar sun samu sarari.

Ruwa baya tsami banza. Yaron da ake kwatance da shi baya wayar gari ya zama ɗan iska haka kawai. Abubuwan da kika lissafa, rashin barci, fitsarin kwance da ya dawo bayan ya daɗe da dainawa, rawar jiki in yaji babura, saurin fushi, ganin laifin kansa, kusan duka suna cikin abin da likitoci ke kira ciwon firgici bayan tashin hankali. Ni ba likita bace, malamar makaranta ce shekara da shekaru, likita ne zai tabbatar miki, amma alamun sun yi kama sosai. Yadda aka min bayaninsa shine jikin mutum yana da wani abu kamar maigadi, in haɗari yazo sai ya buga ƙararrawa, zuciya ta hau bugawa, jijiyoyi su ɗaure, barci ya gudu, dan mutum ya tsira. A yawancin mutane in haɗarin ya wuce maigadin sai ya koma ya zauna. A wasu kuma sai ya ƙi zama, shekara 2 yana tsaye yana buga ƙararrawa. Shi yasa ɗan aji ya taɓa shi ta baya sai ya juyo da naushi kafin ma yayi tunani, shi yasa ƙarar babura take kaɗa shi tunda a kan babura mutanen nan suke zuwa, kuma ki lura da shi lokacin sallah ko biki in yara suna fasa nokawut. Dare kuwa shine lokacin da abin ya faru, ta ina zai yi barci. Bulala bata zaunar da wannan maigadin, ƙara tabbatar masa take cewa lallai har yanzu ba a tsira ba.

Kuma ba ɗanki kaɗai bane. Hukumar Lafiya ta Duniya tace cikin duk yara 7 'yan shekara 10 zuwa 19 akwai 1 da ke fama da wata matsala ta ƙwaƙwalwa ko damuwa, wannan a duniya baki ɗaya kenan har da ƙasashen da ba a jin ƙarar bindiga, balle mu nan da yaran Zamfara da Katsina da Borno suka ga abin da ko babba ba zai iya ɗauka ba.

Yanzu tsoronki na asibiti. Na fahimce ki, a wajenmu ana cewa Barnawa ko Dawanau ko Kware abin da ke zuwa ran mutum shine wanda ke yawo a bola. Amma ki je ki zauna a benci ki ga waɗanda ke jiran likita, matan aure ne da rashin barci ya dama, ɗalibai, masu farfaɗiya, tsofaffin da mantuwa ta kama, ma'aikata da kayan ofis a jikinsu. Yankar kati ake a ga likita a dawo gida kamar kowane asibiti, kwantarwa sai in abu yayi tsanani. Ko dokar ƙasa ma ta canza, tsohuwar dokar mahaukata ta 1958 an maye gurbinta da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a watan Janairun 2023. In kin je ki ce yaro kika kawo, ki tambayi ranar da ake ganin yara da matasa, kuma ki buɗe baki ki ce kina so a haɗa ku da masanin halayyar ɗan adam, wanda suke ce wa saikolojis, domin irin ciwon ɗanki babban maganinsa zama ne da magana, ba ƙwaya ba. Ga masu karatu da ke wasu garuruwan, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri da Kware ta Sakkwato, akwai Dawanau a Kano, sannan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika suna da sashen ƙwaƙwalwa. Likitocin sun yi kaɗan ƙwarai, 'yan ɗaruruwa ne a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, dan haka za a sha layi, a yi sammako.

Nasan zaki ce wai magana ce zata warkar da yaron da bulala ta kasa? Ni ma haka nace da farko. Shekarun baya gobara ta tashi gidan yayata cikin dare, ɗanta ɗan shekara 11 ya fito da ƙyar, daga nan ko ashana aka ƙyasta sai ya fita da gudu, ya daina shiga kicin, ya koma cizon yara a aji. Ni nake raka su asibiti duk sati saboda uwar bata iya zuwa ita kaɗai. Ranar farko na zaci za a ce masa bada labarin gobara, ina ta fargaba, sai naga matar da ke duba shi ko maganar wuta bata yi ba. Hira tayi da shi kan ƙwallo, sannan ta kwantar da shi ta ɗora masa murfin kwalba a kan cibiya tace ya ja numfashi ta hanci har murfin ya tashi sama, ya riƙe kaɗan, ya sake shi a hankali ta baki kamar mai hura koko mai zafi. Yaro yana dariya yana yi. Ta zana masa tsani a takarda daga 0 zuwa 10 tace duk lokacin da tsoro ko fushi yazo ya faɗi a matakala ta nawa yake. Sati uku ana wannan, ni har na fara cewa kuɗin mota kawai muke ɓatawa. Sai wani dare yayata ta kira ni tace maƙwabta sun ƙona shara hayaƙi ya shigo, yaron maimakon ya ruga waje sai ya zo ya kama hannunta yace Umma ina kan 8, ya zauna yana hura kokonsa har ya sauko. Kuka take tana faɗa min.

Wannan hanyar sunanta CBT, wato gyaran tunani da ɗabi'a, wani likita ɗan Amurka Aaron Beck ne ya kafa tushenta a shekarun 1960, daga baya wasu masana uku, Judith Cohen da Anthony Mannarino da Esther Deblinger, suka tsara nau'in da ya dace da yaran da suka ga tashin hankali. Yawanci zama 12 zuwa 16 ne, sau ɗaya a sati, wani yaron ya fi haka. Kuma kar ki ce abin Turawa ne ba zai yi a kan namu ba, an gwada shi a Kongo kan yaran da yaƙi ya rutsa da su, an gwada a Zambiya inda ma ba likitoci ne suka yi ba, mutanen gari ne aka horar, kuma yaran sun samu sauƙi sosai.

Tsarinsa a hankali ake bi. Sai yaro ya iya kwantar da jikinsa, ya iya kiran abin da yake ji da sunansa, wannan tsoro ne, wannan kunya ce, wannan kewar Baba ce, sannan ake zuwa kan tunanin da ke cinsa. A nan ne maganar ɗanki take. Shi a ransa ya yanke wa kansa hukunci cewa shi matsoraci ne, ya ɓuya aka kashe ubansa, kuma ina kyautata zaton duk faɗan nan da bin manyan yara neman hanyar nuna wa kansa yake cewa shi namiji ne. Mai maganin ba zai ce masa haba daina wannan tunanin ba, hakan kowa ma ya iya faɗa kuma baya shiga. Tambayarsa zai dinga yi. Su nawa ne suka zo? Me ke hannunsu? Kai me ke hannunka? Da ka fito wa zai riƙe bakin ƙanwarka? Da abokinka ne ya ɓoye ƙanwarsa haka me zaka kira shi? Da Baba zai iya magana a daren, fito zai ce maka ko zauna? Har yaron da bakinsa ya iso inda gaskiyar take. Bayan nan sai a taimaka masa ya bada labarin daren kaɗan kaɗan, ko ya rubuta ko ya zana, yau layi biyu, sati mai zuwa a ƙara, ana yi ana tsayawa ana numfashi, har labarin ya zama abin da ya wuce wanda zai iya tunawa yayi baƙin ciki ba tare da jikinsa ya koma rumbun ba. A ƙarshe in ya yarda sai ya karanta miki, ke ma an riga an shirya ki yadda zaki saurara. Ki sani a tsakiyar aikin nan wani lokaci abin yakan ɗan motsa, mafarki ya ƙaru kwana biyu, kar ki ce magani ya ɓata shi ki daina zuwa, ki faɗa wa mai maganin. Kuma dan Allah kar ki ce zaki yi wannan ɓangaren da kanki a gida, ki tsare shi sai ya baki labari. In shi ya kawo maganar ki saurara, in bai kawo ba ki ƙyale.

Ita ƙanwar, wadda kika ambata a layi ɗaya, ta fi tsaya min a rai saboda mai shiru ba a cika kula da ita ba, mai fasa kaya ake gani. Shekararta 5 lokacin, kuma abin da aka koya mata a daren nan shine in kika yi sauti za a kashe mu. Ki tafi da ita asibitin tare da yayanta. Yara ƙanana basu da kalmomin da zasu zauna su yi bayani, dan haka da wasa ake yi musu, 'yar tsana, fensir mai kala, ƙananan motoci, laka. Yarinya zata ɗauki 'yar tsana ta cusa ta ƙarƙashin kwano ta rufe, gobe ta sake, jibi ta sake, mai maganin yana zaune a ƙasa kusa da ita yana faɗin abin da yake gani, ta ɓuya, tana jin tsoro, har ranar da yarinyar da kanta zata ɗaga kwanon ta fito da ita. A gida kar a dinga ce mata kurma ko a tilasta ta gaida baƙi a gaban mutane. In zaki fita kar ki sulale, ki faɗa mata zan je kasuwa zan dawo kafin la'asar, kuma ki dawo kafin la'asar ɗin, saboda ranar da kika yi tafiya ce duniyarta ta rushe, sai ta ga kin tafi kin dawo sau da yawa kafin ta saki zaninki.

Akwai kuma ɓangaren da yake naki ne, kuma zaki iya farawa yau tun kafin kati. Masana sun daɗe da gano cewa yaro mai taurin kai da faɗa, horar da iyayensa yafi tasiri a kan yi masa wa'azi, tun aikin wani masani Gerald Patterson a Amurka a shekarun 1960, har Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fito da irin wannan shirin na iyaye da aka gwada a Afirka ta Kudu. Abin da suka lura da shi shine gida yakan faɗa wani zagaye, uwa tayi tsawa, yaro ya ɗaga murya, a kawo bulala, yaro ya fice, gobe a fara daga inda aka tsaya da ƙarfi fiye da na jiya, har ya zama yaron baya jin sunansa a bakin kowa sai in laifi yayi. Ki tambayi kanki tsakani da Allah yaushe rabon da ki kira shi ba dan faɗa ko aike ba. Ki ware minti 15 kullum naku ne ku biyu, ko kina tsinar shinkafa yana gefe, ko ku taka zuwa shago, babu nasiha babu tambayar ina kaje jiya, in shiru ne ma ku yi shirun tare. Kwanakin farko zai share ki, ki ci gaba. In yayi abin kirki komai ƙanƙantarsa ki kira abin da sunansa, naga ka ɗebo ruwa ban saka ba, Allah ya maka albarka, naga ƙaninka ya tsokane ka ka tashi ka bar wajen. Ƙananan abubuwa irin ƙunƙuni da ɗaure fuska ki kau da kai, ba kowane ne sai an tanka ba.

Wannan ba yana nufin a sakar masa ba. Dukan ƙanne da ɗaukar kuɗi dole su sami hukunci, amma hukuncin da aka faɗa masa tun kafin yayi, ƙarami, wanda za a iya cikawa kullum. Ka ɗauki ɗari biyar, zaka biya da aiki ko daga kuɗin kashewa da ake baka in zaka makaranta. Ka doki ƙaninka, yau babu kallon ƙwallo. A faɗa sau ɗaya da murya ƙasa, a cika, gobe a tashi da sabon shafi ba a tono na jiya. In ya hau sama kar ki biye masa, babu maganar da ke shiga kunnen yaro a lokacin, ki bari ya sauko. Ki rage ajiye kuɗi inda ido zai gani, sannan ki bincika a hankali me yake yi da su, wani abinci ne, wani manyan yaran ne ke karɓa, wani kuma ya fara sayen abin da zai sa shi barci. Ki lura da jan ido, nauyin harshe, barcin rana mai nauyi, warin sholisho a riga. Tun 2018 gwamnati ta hana maganin tari mai kodin amma tiramol da sauran ƙwayoyi suna nan a unguwanni, kuma yaron da baya barci yana iya saurin faɗa musu. In kin ga alama ki faɗa wa likita, kar ki ɓoye dan kunya.

Fitsarin kwance kuwa a daina shanya katifarsa a tsakar gida kowa na gani, a daina bari yaran gida suna masa waƙa. Ba da gangan yake ba. Ki shimfiɗa leda ƙarƙashin zanin gado, ya rage shan ruwa da shayi bayan isha, yayi fitsari kafin ya kwanta, in ya jiƙa ya wanke abinsa da asuba tsakaninki da shi. A asibiti ki ce a duba fitsarin ma, kar a ɗora komai kan firgici alhali akwai ciwon mara ko suga.

Maganar ƙwaya da kike tsoro, kina da haƙƙin tambaya. A irin ciwon nan ba da ita ake farawa ba ga yara. In likita ya ga damuwar tayi nauyi har yaro baya ci baya tashi, akwai maganin da ake ba matasa irin fuloksetin, baya bugarwa, yakan ɗauki sati 4 zuwa 6 kafin a ga aikinsa, kuma satittikan farko ana sa ido sosai kan yaron. Ki tambayi sunan maganin, dalilinsa, har yaushe, me zaki lura da shi. Wanda nake gargaɗinki da shi shine na kemis, a ce a bashi diyazafam yayi barci, wannan jiki na sabawa da shi kuma ƙofa ce ta abin da muke gudu.

Ruƙiyya da addu'a kar a fasa, a ci gaba da azkar na safe da yamma, ki tofa masa da hannunki in zai kwanta, hannun uwa a kan goshi shi ma magani ne. Abin da ban yarda da shi ba shine wanda zai ce sai an doki yaro ko an shaƙa masa hayaƙi dan aljani ya fita. Neman magani baya cin karo da tawakkali, kuma baƙin ciki ba raunin imani bane, Annabi Yaƙub alaihissalam kukan rabuwa da ɗansa yayi har idanunsa suka yi fari. Manzon Allah sallallahu alaihi wasallam da kansa ya tsaya yana tambayar ƙaramin yaro Abu Umair labarin ɗan tsuntsunsa da ya mutu, tsuntsu fa, balle yaron da ya rasa uba a gaban kunnensa.

Saura Baffa, wanda in bai yarda ba duk abin nan zai yi wuya tunda a gidansa kuke. Kar ki tare shi da cewa dukan da kake yi ne ya ɓata shi, zai ji kin zubar masa da girma ya kafe. Ki samu wanda yake jin nauyinsa, limamin unguwa ko wata gwaggonsu, ko matarsa in kuna shiri, ku same shi cikin natsuwa. Ki fara da godiya, ki ce Yaya duk abin da kake yi dan yaron nan ya zama mutum ne na sani, alfarma nake roƙo a bani wata 3 a gwada asibiti kafin a yanke maganar marin, kuma ina so kai ka kai mu da kanka ka ji daga bakin likita. Maza da yawa abin da suka ƙi ji daga mace suna karɓarsa daga likita. Zai ce miki icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ki ce gaskiya ne Yaya, amma wannan iccen a karye yazo hannunmu, ɗori yake buƙata tukuna. Sannan ki roƙe shi ya jawo yaron jikinsa, ya tafi da shi kasuwa ko wajen sana'arsa ranar Asabar, ya dinga bashi labarin babansa suna yara, abin da yaron ke nema wajen manyan yaran unguwa kenan, namiji babba da zai ce masa zo nan. In da hali a samu malami ɗaya a makarantarsu mai hankali a faɗa masa abin da ya faru a sirrance, dan a daina zane shi a asambuli.

Ke kuma fa ƙanwata? Duk saƙonki baki faɗi yadda kike ba ko da kalma ɗaya. Kin rasa miji, kin rasa gida da gona, kina zaman gidan wani, kuma ban sani ba ko ke ma kina cewa da ban tafi wajen haihuwar nan ba. Yara suna karanta fuskar uwa fiye da maganarta. In kin shiga wajen likitan ki ce masa ni ma bana barci, in haka ne, ba sai an tambaye ki ba.

Ranar zuwa kar ki yaudare shi ki ce kasuwa za ku, ki faɗa masa gaskiya cewa wajen masu taimaka wa waɗanda suka ga irin abin da kuka gani ne, kuma dukanku za ku, ba shi kaɗai ba. Ki rubuta a takarda ko ki sa a rubuta miki yaushe kowane abu ya fara, sau nawa yake fitsarin a sati, ƙarfe nawa yake barci, dan in an shiga gaban likita kai yakan ɗaure a manta rabi. In kuɗin mota ko na kati zai gagara ki tambayi ofishin walwala na asibitin. Ki sake rubuto min bayan zuwan farko ki faɗa min abin da suka ce da yadda kuka ƙare da Baffa, in ya ƙi sauraro kuma ki sanar da ni tun kafin sallah mu san wanda za a tura masa.